Ɗaurin Makullan Inna

Ranar da aka binne Inna, layin ya cika har mota ba ta iya wucewa. An shimfiɗa tabarmi tun daga bakin famfo har ƙofar shagon tela, kowa da abin da yake faɗi a kanta, kuma duk gaskiya suke faɗi. Wannan ya ce ita ta kai shi asibiti ranar da ya yanke jiki ya faɗi, waccan ta ce a hannunta ta haifi ɗanta na fari. Auta tana zaune a gefe, ta rungume jakarta a kan cinya kamar wani zai ƙwace. Duk wanda ya durƙusa ya yi mata gaisuwa sai ta gyaɗa kai, amma idonta na kan ƙofar ɗakin uwarta, wadda aka jingine da bango, katakon gefenta a tsage inda aka sa ƙarfe aka ɓalle ta. Yabon nan bai sanyaya mata rai ba, haushi ma yake ba ta. Ta san abin da ke cikin jakar, ta san yadda aka yi ya shiga, kuma tun safe tambaya ɗaya ke cin ta: da ta bar wa tsohuwar kayanta, da yau ana zaman nan?

Auta dai suna ne ya bi ta. Mace ce da ta haura hamsin, malamar makaranta, da furfura a gaban goshi, da 'ya'ya har da jika. Amma a layin nan ko shekara ɗari ta yi, Auta ce, 'yar Inna mai makullai.

Inna ta zo layin tana amarya, lokacin da fentin gidajen hayar bai gama bushewa ba. Dogayen gine-gine ne guda biyu suna kallon juna, ɗaki da falo, ɗaki da falo, famfo ɗaya a tsakiya. Duk mazauna wurin aiki ne ya kawo su, danginsu na nesa. A ɗakin da ke jikin nata akwai wata tsohuwa mai sayar da zare da allura, ita kaɗai take zaune, kullum da safe ana jin tarinta ta bango. Wata safiya Inna ba ta ji tarin ba. Ta je bakin ƙofar, har ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai kunya ta kama ta, kada a ce sabuwar zuwa ta cika shisshigi. Ta koma ɗakinta. Washegari ma haka. Sai da ƙudaje suka taru a tagar sannan maza suka ɓalle ƙofar, kuma likita ya ce tsohuwar ba nan take ta cika ba, faɗuwa ta yi, ta daɗe a ƙasa da ranta.

Ba a yi sati ba Inna ta ajiye kunyar nan, ba ta sake ɗaukar ta ba har ta bar duniya. Ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya tana cewa duk wanda ke kwana shi kaɗai ya ba ta makulli guda ta ajiye. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce yarinyar nan da ƙarfin hali take, amma tsoron abin da suka gani bai sake su ba, suka bayar. Da yake ba ta yi karatu ba, ba ta iya rubuta suna a jikin makulli, sai ta ce kowa ya haɗo mata da ɗan ƙyalle daga tufafinsa. Ta ɗaure kowane makulli da ƙyallen mai shi. Mijinta, Baba, makanike ne, shi ya lanƙwasa mata waya mai kauri ya yi mata zobe ta zuba su ciki. Tun yana ɗaukar guda biyar har ya zama sai an sake wani babba, domin daga baya masu iyali ma kawowa suke yi, mai tafiya ya kawo, mai mantuwa ya kawo. Abin ya zama jiki a layin: duk wanda aka sa wa sabuwar kuba, ɗaya nasa, saura na Inna.

Aikinta ba shi da wuyar faɗi. Gari na wayewa, kafin ta ɗora tukunyarta, sai ta rataya ɗaurin makullan a ƙugu ta fita. Ana jin ƙararsa kafin a ga fuskarta. Ta tsaya a ƙofa ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Masu ɗaki, an tashi?" In an amsa, ko da gurnani ne, ta wuce, ba ta tsayawa hira. In ba a amsa ba ta sake, ta kira mai ɗakin. In aka sake yin shiru, to, ba ta neman izinin kowa, buɗewa take yi. Ta haka ta sauke tukwane da suka kusa tayar da gobara, ta haka ta fito da yaron da ya kulle kansa yana ihu uwarsa na kasuwa, ta haka ta tarar da Baba Maigadi kwance a ƙasa bakinsa ya karkace, ta tara maza aka ɗauke shi. Idonta ya ga abubuwa a ɗakunan mutane, na kunya da na tausayi, amma bakinta bai taɓa fitar da ko ɗaya ba. Mata masu son jin ƙwaƙwaf sun yi ta zagaye-zagaye har suka gaji suka haƙura.

Baba, mijin nata, yakan zauna yana jiran shayinsa, ya ji ƙarar makullai tana nisa, ya girgiza kai ya ce, "Ni dai mata na nema, aka ɗaura mini aure da gandiroba."

In ta dawo aka faɗa mata, sai ta ce, "Gandiroba kulle mutane yake yi. Ni buɗewa nake."

Daga ƙofofi abin ya wuce zuwa asibitin unguwa. Wanda ta buɗe ta samu ba lafiya ai ba za ta ajiye shi a bakin titi ba, sai ta bi shi, ta zauna jinya, ta wanke masa kwano, ta yi faɗa da masu ba da kati in sun yi nawa. Ma'aikatan suka saba da ita har in an kawo wanda ba shi da kowa sai a aika a kira ta. Ba ta taɓa karɓar albashi ba, ba ta ma san ana yi ba. Wata shekara suka ba ta takardar yabo a cikin gilashi, da tafi da hotuna. Tana dawowa gida ta zare gilashin ta kai aka toshe wa Baba Maigadi tagarsa da ta fashe, takardar kuwa ta tura ta ƙarƙashin katifa.

Ƙofarta ita ce kaɗai a layin da ba a kullewa. Kubar ta lalace tun kafin a haifi Auta, kuma Inna ta hana a gyara. Ta ce wanda ya yar da makullinsa ya dawo daga aiki a gajiye, ina zai same ta in ta kulle? Sai dai a tura, a yi sallama, a ɗauki abin da aka zo ɗauka a kan ƙusa.

Duk wannan abin yabo ne, kuma an yaba. Amma a tambayi wanda ya tashi a cikin ɗakin. Auta ta girma tana cin abincin da ya huce, tana tsefe kanta da kanta, tana zuwa taron iyayen yara ita kaɗai ta ce Inna na asibiti. Akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, ta buɗe ido ta ga matar tela ce zaune a kanta, uwarta na can tana jinyar wani da ko sunansa ba su sani ba. Yayyenta maza biyu ba su damu ba, suna girma suka kama gabansu, kowa ya tafi garin da aiki ya kai shi. Ita ce abin ya tsaya wa a rai. Ta taɓa faɗa wa uwar a fuska, tana budurwa, ta ce, "Inna, ke inuwar giginya ce, na nesa ka sha."

Inna ta dube ta, ta ce, "Ke ai kina da ni. Su wa suke da shi?"

Auta ba ta yarda ba. Ta yi aure ta koma can ƙarshen gari, tana zuwa duk ƙarshen mako da cefane da magani, tana son uwarta, tana kuma jin haushinta, duka biyun a zuciya ɗaya.

Baba, mijin Inna, ya rasu, tsofaffin layin suka yi ta raguwa, sababbi suka shigo. Inna ta haura tamanin tana zagayenta, sai dai yanzu da sanda. Ƙafa ba ta fara ba ta kunya ba, kai ne ya fara. Ta soma kiran jikanta da sunan ubansa, ta dafa shayi ta manta ta sake dafawa. Auta ta lura, ta yi kamar ba ta gani ba, domin ba ta son abin da hakan ke nufi.

Sai ranar da Inna ta tsaya a ƙofar wani ɗaki da wasu ango da amarya suka kama, ta ƙwanƙwasa tana kiran mai gyaran rediyon da ya zauna a ciki shekaru da dama da suka wuce, wanda ita da kanta ta raka gawarsa bakin mota. Ba a amsa ba, don ba sunansu aka kira ba. Mai gidan bai canza kuba ba. Ta zaro makulli mai ƙyallen shuɗi ta buɗe, ta shiga har tsakar ɗaki. Amarya ta yi ihu, ango ya fito ba riga yana cewa sai ya kira 'yan sanda, wace irin unguwa ce wannan da tsohuwa ke yawo da makullan mutane. Aka taru aka ba shi haƙuri, aka ba shi tarihi. Ya ji, amma a ranar ya canza kuba, kuma bai kai wa kowa na ajiya ba.

Ba a gama wannan ba, ta buɗe ɗakin wata nas da ke bakin aiki, ta duba ta ga ba kowa, ta fito ta bar ƙofar a wangale har la'asar. Da nas ta dawo, babu talabijin, babu dutsen guga.

Mutanen layin suka yi ta ƙus-ƙus a bakin famfo. Kowa ya san abin da ya kamata a yi, babu mai iya tunkarar ta. Wa zai dubi matar da ta wanke shi yana kwance ya ce ba ni makullina? Sai suka yi abin da mutane suka saba yi in abu ya yi nauyi, suka nemi wanda za su ɗora wa. Matar tela, wadda ita ma ta tsufa yanzu, ta tare Auta ranar da ta zo, ta ja ta bayan shago.

Ta ce, "Auta, ba don ba ma son ta ba ne, Allah ya sani. Amma yau talabijin ne, gobe ba mu san mene ne ba. In wani ya ture ta fa? Ke ce 'yarta, ke za ta ji."

Auta ta ce, "Yaya, ni ce ba ta taɓa ji ba duk duniya."

"To ai ke ce ba za ta iya yi wa fushi ya daɗe ba. Ki taimake mu, ki taimake ta."

Auta ta kwana biyu tana juya maganar. Gaskiya suka faɗa, ta sani. Amma da ta leƙa can ƙasan zuciyarta ta ga wani abu da bai yi mata daɗi ba: akwai ɗan farin ciki a wurin. Ga ranar da za a raba Inna da makullan nan, kishiyar 'ya'yanta. Ta kawar da kai daga wannan, ta ce don lafiyar tsohuwa za ta yi.

Ta shirya faɗa, ta shirya kuka, ta shirya hujjoji. Ba ta buƙaci ko ɗaya ba. Ta samu Inna zaune a bakin gado, ta durƙusa ta yi bayani a hankali. Inna ta saurara har ta gama, sannan ta ce, "Su suka aiko ki?"

"Ni ma na ga ya dace, Inna."

"Na bar ƙofar yarinyar nan a buɗe, ko?"

"Kin bari."

Inna ta miƙa hannu ta sauko da ɗaurin daga ƙusa, ta ɗora a cinyarta. Sai ta soma bin su ɗaya-ɗaya da yatsa. "Wannan mai ƙyallen kaki na Maigadi ne, sai kin ɗan ɗaga ƙofar da gwiwa kafin ki murɗa. Wannan na matar tela, hagu yake buɗewa, an sa shi a juye. Wannan na mai wankin hula, kada ki shiga da ƙarfi, yana ajiye ruwa a bayan ƙofa." Matar da ke manta ko ta ci abinci, ba ta yi kuskuren makulli ko ɗaya ba. Da ta kai ƙarshe ta ɗora ɗaurin a hannun Auta da hannu biyu, ta ce, "Yana da nauyi. Ki riƙa sauya kafaɗa."

Auta ta fito tana jin kamar ta yi sata da rana tsaka. Niyyarta ta raba wa kowa nasa a ranar, amma duk wanda ta miƙa wa sai ya janye hannu. "Haba, ki riƙe mana, ai duk ɗaya ne." Kunya ce ke hana su karɓa, ita kuma gajiya ta hana ta matsawa. Ɗaurin ya zauna a jakarta, yana bin ta makaranta, yana bin ta kasuwa, makullan ƙofofin da ke can wani gefen gari.

Inna ta ci gaba da fita da safe na ɗan lokaci, hannu wofi. Ta ƙwanƙwasa, a amsa mata da fara'a fiye da da, irin fara'ar da ake yi wa mara lafiya. Wata safiya ta ƙwanƙwasa wa mai wankin hula bai amsa ba, ta lalubi ƙugunta ba komai, ta tsaya a wurin har mutumin ya dawo daga sayen burodi ya same ta. Daga ranar ta daina. Da Auta ta tambaye ta dalili, ta ce, "Ƙwanƙwasa ba makulli ai gulma ce. In an yi shiru me zan yi, in tsaya ina kallon katako?"

Ba wanda ya ɗauki zagayen. Kowa ya ce ai yanzu akwai waya. Layin ya yi tsit da safe, har wasu suka riƙa makara wurin aiki don babu ƙarar da ta saba tashin su.

Auta ta roƙe ta ta koma wurinta, ta gyara mata ɗaki, ta sayi sabuwar katifa. Inna ta ce ba inda za ta. Wanzami ba ya son jarfa: matar da ta yi jinyar rabin gari ba ta yarda a riƙe mata ko kofi ba. Ga ƙofa kullum a buɗe, ga baƙin fuska sun yi yawa a layin, ga tsohuwa da ke iya ba ɓarawo kujera ta ce ya zauna ya sha ruwa. Hankalin Auta ya ƙi kwanciya. Ta kira kafintan layin, wanda tare suka yi wasan ƙasa suna yara, ta ce ya sa wa ƙofar kuba mai ƙarfi. Ranar da ya zo tana makaranta, ta waya ya gaya mata an gama. Da ta zo ƙarshen mako ta sa uwar a gaba.

"Inna, ki yi mini alkawari. In kin shiga ki kulle. Don Allah, ko sau ɗaya a rayuwarki ki ji maganata."

Inna ta dubi sabuwar kubar tana ƙyalli, ta dubi 'yarta, ta ce, "Na ji, Auta. Zan kulle."

Zuwan da Auta ta yi na ƙarshe, ta zo a gurguje, ana jiran ta a wani taron makaranta. Ta ajiye cefane, ta jera magunguna, ta ɗauki jaka. Har ta kai bakin ƙofa Inna ta ce, "'Yar nan, ɗan ba ni makullan nan."

Auta ta ƙara riƙe jakar. Ta ce a ranta, ga shi, an dawo gidan jiya, in ta ba ta gobe za a ji ta a ɗakin wani. Ta ce, "Na baro su a gida, Inna."

Tana faɗi tana gyara jakar a kafaɗa, sai ɗaurin ya yi ƙara a ciki. Ƙarar da Inna ta fi sani a duniya. Tsohuwar ta dubi jakar, ta dubi fuskar 'yarta, ba ta ce ƙarya kike ba. Ta ce, "To. Sai kin zo da su. Allah ya kiyaye hanya."

A tsakiyar makon Auta ta kira wayar Inna ba a ɗauka ba. Wannan ba sabon abu ba ne, tsohuwar kan sa wayar a cikin kwano ta rufe. Washegari ta sake kira, shiru. Ta kira matar tela, ta ce ai jiya kamar ta ji motsinta, ko shekaranjiya ce. Wannan "kamar" ɗin ne ya sa Auta ta bar aji da hantsi, alli a hannunta, ta tari mota.

Ta samu ƙofar a kulle. Ta buga, ta kira, ta kara kunne. Mutane suka fara fitowa. Wa ya gan ta yau? Babu. Jiya fa? Mai wankin hula ya ce shi ya ɗauka ta tafi wurin Auta, tunda ƙofa a rufe take. Nas ta ce ita ma haka ta zata. Shekara sittin ƙofar nan a buɗe, ranar da suka gan ta a rufe kowa ya ce ba ta nan, ba wanda ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.

Wani ya ce, "Wa ke da makullinta?"

Aka dubi juna. Sannan duk suka dubi jakar Auta, domin a layin nan in ana neman makulli nan ake dubawa. Ita ma ba ta tsaya tunani ba, ta zazzage jakar a ƙasa, ta ɗauki ɗaurin ta durƙusa. Ta san babu shi a ciki, amma hannunta bai sani ba. Ta zura na kaki, bai shiga ba. Ta zura na shuɗi. Ta zura na matar tela, ta murɗa hagu. Makullin kowa da kowa na hannunta, na rayayyu da na matattu, tana gwadawa tana kiran "Inna! Inna!" har muryarta ta dushe.

Kafinta ya iso da gudu. Ta miƙe ta kama rigarsa. "Ina ɗayan makullin? Kubar nan ba da guda biyu ta zo ba?"

Ya ce, "Na ba ta."

"Ka ba wa?"

"Inna. Na ce ga naki, ga na ajiya." Ya dafe kai da hannu biyu. "Wallahi Auta, tun ina yaron shago duk kubar da na sa a layin nan ita nake kai wa saura. Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya miƙa."

Sabo turken wawa. Ba wanda ya ga laifinsa, don duk wanda ke tsaye a wurin abin da zai yi ke nan.

Ya sa ƙarfe ya ɓalle ƙofar. Kubar mai ƙarfi ce kamar yadda Auta ta ce a sa, sai da katakon ya tsage. Inna tana kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, sandarta ta yi gefe, hannunta ɗaya a miƙe. Nas ta durƙusa ta taɓa wuyanta, ta daɗe, sannan ta ja zane ta rufe ta. Auta ta tambaye ta ko nan take ne. Nas ta ce, "Allah ya ji ƙanta, Malama," ba ta ɗago ido ba. Auta ba ta sake tambaya ba, domin ta san labarin tsohuwa mai zare tun tana goye.

Sai da aka fitar da gawar, ɗakin ya rage mutane, sannan idonta ya kai kan ƙusar da ɗaurin ya saba rataya. Akwai makulli guda a wurin, sabo fil, irin na kubar da aka fasa. An ɗaure shi da ƙyalle, ɗauri biyu mai kyau, kamar sauran. Ƙyallen kore ne mai ɗigon fari. Auta ta san zanen, a jikin uwarta ta gan shi ranar da ta zo a gurguje, har ta lura gefensa a yage ta ce a ranta za ta kai wa tela.

Ashe ba karɓe ɗaurin Inna take son yi ba. Nata take son ƙarawa a ciki.

Shi ya sa da ake ta yabo a kan tabarmi Auta ba ta iya ɗaga kai. Yayyenta sun iso, suna karɓar gaisuwa, suna cewa Inna ta yi tsawon rai, ta cika da kyau. Wani mai baki ya miƙe ya ce irin Inna ba a sake yi, ya kamata a sa wa layin sunanta. Aka ce ƙwarai kuwa. Auta ta ji kamar ta tashi ta tambaye su wa ya ƙwanƙwasa, amma in ta tambaya, ita wa zai tambaye ta? Ta ƙara matse jakar.

Da yamma ta yi mutane suka watse, Baba Maigadi ya taho yana jan ƙafarsa da ta shanye tun wancan ciwon. Ya daɗe kafin ya iya zama kusa da ita. Bakinsa har yanzu a ɗan karkace yake, sai an kasa kunne ake gane maganarsa.

Ya ce, "'Yata, nawa yana wurinki?"

Ta ce, "Yana nan, Baba. Mai ƙyallen kaki."

"Sai an ɗaga ƙofar da gwiwa."

"Ta gaya mini."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi ƙofar da aka jingine da bango, ya dubi tasa can ƙarshen layi. Ya ce, "Ni kaɗai nake kwana, kin sani. Tun da ta daina zuwa ba na kullewa, tsoro nake ji. Yanzu kuma tsoron barin ta a buɗe nake ji." Sannan ya ce, "Gidanki da nisa, ko?"

Ta ce, "Da nisa, Baba."

Bai roƙe ta komai ba. Ya dafa bango ya miƙe, ya kama hanyar ɗakinsa a hankali. Auta ta bi shi da ido har ya shiga, ta ga ya tsaya riƙe da ƙofar, bai rufe ba, bai bari ba. Ta buɗe jakar ta fito da ɗaurin, ta ciro makulli mai koren ƙyalle daga inda ta ƙulle shi a bakin zanenta. Wayar zoben da mahaifinta ya lanƙwasa ta yi tauri, sai da ta karya farce kafin ta buɗe ta. Ta zura makullin uwarta a cikin na mutane, makullin ƙofar da ba ta da sauran abin buɗewa, sannan kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata.